Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai: Motar da Ta Dace da Hanyar Lolo



An nemi in yi magana a kan motocin tsere na Ingila, don an san tun muna aji uku nake liƙa hotunansu a bayan littafi. Gwanata a lokacin ita ce MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Kujera biyu gare ta, kuma cikinta dab da ƙasa. To amma da aiki ya kai ni Bagudo, na bi hanyar Kaoje da Illo har Lolo a bakin iyakar Benin da damina, sai na gane MGB ko gonar farko ba za ta wuce ba.

Saboda haka ku yi mini uzuri in koma kan 'yar'uwarta, Land Rover. Maurice Wilks na kamfanin Rover ne ya tsara ta, bayan ya ga amfanin Jeep ta sojan Amurka a gonarsa. An fara nuna ta a Amsterdam a 1948. Ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyom, abin da ya sa ba ya tsatsa. Shasinta kuwa kamar tsani yake, an ɗora jikin a kai da noti. Tsofaffin direbobi sun san sandunan nan biyu kusa da giya: a danna mai rawayan kai, ƙafa huɗu su ja, a jawo mai jan kai, ta sami ƙaramar giyar fita daga taɓo. Gudu dai ba ta da shi, kuma mai take sha kamar raƙumi. An daina ƙera tsohon samfurin a Janairun 2016.

Bara sabuwar motar ofishinmu ta mace mana a daji, muna ɗauke da takardun manoman shinkafa. Bakanike ya buɗe, ya ce sai an kawo kwamfuta daga birni. Kwana biyu muka yi. Wata tsohuwar Land Rover ce ta jawo mu, wadda mai ita ke gyara ta da sifana da filaya.

Shugaba, ga roƙona. Cikin kuɗin da muka tara bana, a sayi tsohon injin irinta guda ɗaya a ajiye a ɗakin koyon sana'a na makarantarmu, yara su kwance shi su ɗaure da hannunsu. Ni na ɗauki nauyin kuɗin dako.