Matsayi da Haƙƙi: Matakin Farko a Koyar da Ilmin Zaman Jama'a

Ilmin zaman jama'a nazari ne na ƙa'idojin da ke ɗaure mutane wuri guda. Tun 1377 Ibn Khaldun ya yi bayanin asabiyya cikin Muƙaddima, kafin Auguste Comte na Faransa ya raɗa wa fannin suna a ƙarni na 19.

Abu na farko da ɗalibi zai sani shi ne, kowane matsayi yana tafe da haƙƙin da ya rataya a kansa. Malamin ƙwarai ba ya soma wannan darasi da hadda, sai ya kawo misalin gandu, wanda Polly Hill ta nazarta a Ɓatagarawa cikin littafinta na 1972. Maigida ke ciyarwa, shi ke yi wa 'ya'yansa aure. Su kuwa su noma gonar gandu, a ba su gayauna. Sa'an nan malami ya tambaya: in ɗa ya tafi ci-rani, wa zai ɗauki nauyinsa? Wajen neman amsa ɗalibi ke gano yadda al'umma take sauyawa.

Ma'aikacin da bai fahimci haka ba, yakan tsara rancen noma domin mutum ɗaya, alhali gida guda ne ke noman.