Utah: Ƙanƙara a Yalwace, Giya da Sharaɗi

Duk wanda ya yi ƙaura zuwa jihar Utah ta Amurka don sha'awar wasan zamiya a kan ƙanƙara, to ya faɗa gidan daɗi. Daga birnin Salt Lake, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota zuwa duwatsun Park City, Snowbird da Alta. Birnin ya karɓi gasar Olympics ta hunturu a 2002, zai kuma sake karɓa a 2034.

Amma in baƙon mashayi ne, sai ya yi hattara. Mabiya cocin Mormon, waɗanda ba sa shan giya, suna da ƙarfin faɗa-a-ji a jihar. Barasa mai ƙarfi sai a shagunan gwamnati, su kuma a rufe suke ranar Lahadi. A gidan abinci ba a ba ka giya sai ka sayi abinci. Tun ƙarshen 2018, direban da aka samu giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa ya karya doka, kuma babu jihar da ta kai Utah tsanani a nan. A ganina wannan dokar ta yi daidai, musamman ga mai gangarowa daga dutse da daddare kan titi mai santsi.