Ina Kuɗinmu Ke Zuwa Bayan Mun Biya? Jawabin Akawun Ƙungiya a Taron Cikar Shekara, Kulungugu

Ranka ya daɗe Ciyaman, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, Magajiya da jama'arta, sarakunan tasha, 'yan'uwa na Bawku da Pusiga da Widana, da baƙinmu da suka sha hanya daga Yendi da Salaga, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Kwamiti ya ce in yi bayani kan kuɗin da muke biyan hukuma, tunda takardun kowa ta teburina suke bi. Kukan da na fi ji a ofis shi ne: "Akawu, muna ta biya, ba ma ganin komai." Gaskiya ne. Amma kuɗin nan ba jaka ɗaya suke shiga ba, kuma wanda bai san jakar ba bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Mu fara da tushe. Tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 174, ya ce ba a ɗora wa kowa haraji sai da dokar Majalisa. Sashe na 176 ya ce kuɗin da aka karɓa da sunan gwamnati babban asusun ƙasa za su shiga, sai fa wanda wata doka ta ware. Sashe na 178 kuma ya hana fitar da ko pesuwa ɗaya daga asusun nan ba tare da izinin doka ba. A 2016 aka yi dokar kula da dukiyar gwamnati mai lamba 921, ƙa'idojinta suka biyo baya a 2019, suka ce mai karɓar kuɗi ya kai su banki cif yadda ya karɓa, kada ya taɓa komai a ciki da sunan hidimar ofis.

Iyayena, ku riƙe wannan. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin fito a hannunka ba shi da ikon cire kuɗin man babur ko na takardar firinta daga ciki. Man babur ɗinsa yana cikin kasafin da Ministan Kuɗi ke kai wa Majalisa a Ankara. Saboda haka duk wanda ya ce maka "ƙara sidi ashirin na mai, ofis ba shi da kuɗi", ko da gaskiya yake faɗi ofis ɗin ya bushe, ba aljihunka doka ta nuna masa ba. Na san wasunsu suna cikin matsi, kuɗin aiki kan makara watanni. Tausayi daban, bashi daban.

Jaka ta farko ita ce ta kwastam. Da can kwastam hukumarsu daban, masu harajin riba daban, masu VAT daban. Dokar 2009 mai lamba 791 ta haɗa su ƙarƙashin GRA, shugaba ɗaya, ma'aji ɗaya. Tun 2020 kuma takardun kaya ta na'urar ICUMS suke bi. Kuɗin fiton da ka biya a nan Kulungugu ba a nan yake kwana ba, kai-tsaye yake tafiya asusun ƙasa. Wanda ya je ya tsare jami'in kwastam yana tambayarsa me ya sa ba a gyara hanyar Misiga zuwa nan ba, ya yi ɓatan kai. Wannan tambaya ta ɗan majalisarmu ce.

Jaka ta biyu ta sauran hukumomin bakin iyaka ce: masu duba lafiyar dabbobi, masu duba albasa da hatsi da iri, masu lafiyar matafiya. Wasu hukumomi doka ta ba su damar riƙe wani kaso na abin da suka tara, tun dokar 2007 mai lamba 735. Sai dai farashin ba su ke yankawa ba, Majalisa ce ke amincewa da jadawalin, kuma dokar da ke kansa ita ce mai lamba 1080 ta 2022. In aka ce maka kuɗin duba sa ɗaya ya tashi jiya, ka nemi a nuna maka jadawalin cikin ladabi. Farashin hukuma ba ya tashi kamar na tumatir.

A nan ne nake ganin an bar mu a baya. An haɗa hukumomin haraji a sama, amma a ƙasa har yanzu mai mota ɗaya yana bin tebur bayan tebur, kowa da littafinsa. A watan Yuni na 1961 Kwame Nkrumah da Maurice Yameogo suka rushe wata katanga a Paga don nuna an cire shingen kwastam tsakanin ƙasashen biyu. Dattawan nan kuma sun tuna ranar 1 ga Agusta 1962, da aka jefa wa Nkrumah bam a garin nan yana dawowa daga Tenkodogo. Fiye da shekara sittin ke nan, albasa na nan tana ruɓewa a layi. A 2018 an buɗe ofishin haɗin gwiwa na Ghana da Togo a Noepe, inda jami'an ƙasashen biyu za su zauna a rumfa ɗaya. Mu ba mu nemi gini irin wannan ba tukuna. Taga ɗaya ta biyan kuɗi da rasit ɗaya sun ishe mu. Kuma tunda Burkina Faso ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kowace takarda ta ƙara nauyi a hanyar Bitu.

Jaka ta uku ita ce ta kusa da mu, kuma ita muka fi sakaci da ita: asambile. Tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin fitar da kaya, lasin na shago, duk na asambile ne. Mu nan tun 2012 muna ƙarƙashin gundumar Pusiga, da aka cire daga Bawku. Na Yendi da na Salaga kowa da tasa asambile, shi ya sa mai doya zai ga kuɗin Salaga ya bambanta da namu. Ba cuta ba ce, kowace asambile ce ke yanka nata. Kowace shekara sukan tsara takardar yanka farashi, a kira masu biya a ji ta bakinsu, sannan 'yan asambile su amince. Ƙa'idar kasafi ta ce aƙalla kashi 20 cikin 100 na abin da asambile ta tara da kanta ya tafi kan aikin da ido zai gani, kamar rumfa, bayi ko burtsatse. Ban da wannan akwai kuɗin da ke zuwa daga Ankara, domin sashe na 252 ya ce a ware wa gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba.

To, yaya za mu ce "ga abin da muka biya, ina rumfarmu", in ba mu da shaida? Nan rasit ya shigo. Rasit na gwamnati, wanda ake kira GCR, daga ofishin Babban Akanta yake fitowa, yana da lamba, kuma kwafinsa yana zama a littafi. Mai binciken kuɗi na ƙasa da lambar nan yake aiki. Sashe na 187 ya ba shi ikon sa ma'aikaci ya biya abin da ya salwantar daga aljihunsa, kuma a 2017 Kotun Ƙoli ta umarce shi ya riƙa amfani da ikon. Idan aka ce maka "na rasit sidi hamsin, ba rasit talatin", ka ɗauka ka ci ribar ashirin. Amma talatin ɗin nan ba ta shiga kowane littafi ba. Ranar yanka farashi asambile za ta duba ta ga 'yan kan iyaka ba sa kawo komai, sai ta ƙara mana kuɗi, rumfar kuma a kai ta wata kasuwa.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Daga wata mai kamawa akwai littafi a ofis. Kowa ya kawo rasit ɗinsa in rubuta lamba da kwanan wata da adadi, in mayar masa da abinsa nan take. Wanda ke nesa ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp. Wanda aka hana rasit ya faɗi wuri da rana kawai, ba sai ya yi rigima a hanya ba, Ciyaman zai kai maganar a rubuce. Idan lokacin zaman farashi ya zo, mutum biyar za su je Pusiga da jimillar a hannu, biyu daga cikinsu mata, domin tikitin kasuwa iyayenmu mata suka fi kowa biya. Magajiya, sunayen biyun nan a wurinki muke jira kafin kasuwar Bawku ta gaba.