Ɗaukar Hoton Rawa a Ɗaki Mai Ƙarancin Haske



Mu da ke riƙe kamara a tarurrukan ɗalibai mun zo gabanku yau da 'yar kunya. Bara, daren da aka yi wasannin gargajiya a babban ɗakin taro, 'yan koroso suka cashe, makaɗa suka yi ta fama har tsakar dare, mu kuwa muna ta ƙyasta hoto. Da gari ya waye muka duba, sai muka tarar na gaba ya yi fari fat, na baya kuwa duhu ya haɗiye shi. Da yawa daga cikin masu rawan nan sun gama karatu sun watse, daren kuwa ba zai komo ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana muku abin da asarar nan ta koya mana.

Da farko, haske yana da ƙa'idarsa. In nisa ya ninka biyu, hasken da zai isa wurin kashi 1 ne cikin 4. In ya ninka uku, kashi 1 cikin 9. Watau in mai rawa yana mita 2 daga gare mu, mai kalangu yana mita 4, to, rubu'in hasken kaɗai mai kalangun zai samu. Wannan shi ne asirin hotunanmu na bara. Kowace fitilar walƙiya tana da lambar ƙarfinta. In lambar 32 ce a kan ISO 100, aka buɗe idon kamara a f/4, hasken zai kai mita 8. In an tsuke shi zuwa f/8, mita 4 kawai zai kai. Fitilar wayar hannu kuwa ba ta wuce taku kaɗan, don haka masu ɗaga waya daga kujerun baya ƙeyar maƙwabtansu kurum suke haskawa.

Na biyu, walƙiyar ita ce ke tsayar da motsi, domin ba ta daɗewa fiye da misalin 1/1000 na daƙiƙa. Tun da haka ne, sai a bar marfin kamara a buɗe ɗan lokaci, kamar 1/30 ko 1/15, a kuma ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, don fitilun ɗaki da fuskokin 'yan kallo su samu shiga. Walƙiya ta kama mai rawa sarai, hasken ɗaki ya cika bayansa. In kamarar tana da dabarar sakin walƙiya a ƙarshen buɗewar marfi, a yi amfani da ita, sai jirwayen motsi ya biyo bayan mai rawa maimakon ya riga shi. Amma fa kada saurin marfi ya wuce 1/200 ko 1/250 a galibin kamarori, in ba haka ba baƙin zane zai ratsa gefen hoton.

Na uku, kada a harba haske kai tsaye a fuska in da hali. A karkata kan fitilar zuwa farin silin, hasken ya bazu ya sauko a hankali, inuwa ta yi laushi, jan ido kuma ya kau. In rufin ya yi tsawo ƙwarai, ko kuwa an shafa masa fenti mai launi, sai a ɗaura farin kati a bayan fitilar da roba. Akwai kuma wata matsala tamu ta gida: farar shadda da babbar riga sukan ruɗi ma'aunin kamara, ta rage haske, fuska ta dushe. Maganinta a ƙara wa walƙiyar ƙarfi kaɗan, a gwada tun kafin a cika ɗaki, a kuma zo da batir na ajiya.

Kada wani ya ce sai da kayan tsada. Malick Sidibé, mutumin ƙasar Mali, da kamara mai fim da fitilar walƙiya ya riƙa zaga wuraren rawar samarin Bamako a shekarun 1960. Hotonsa na 1963, na wani matashi da wata yarinya suna rawa, ita ko takalmi babu, har yau duniya na kallonsa. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Venis, ya rasu a 2016. Ya san mutanen da yake ɗauka, su ma sun saki jiki da shi, ya kuma san lokacin da kiɗa zai kai gaɓa. Mu ma sai mu halarci gwajin wasa, mu san inda ɗan koroso zai yi tsalle, mu jira shi a can.

Abu na ƙarshe shi ne ladabi, wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Walƙiya a ido tana iya rikita wanda ke tsakiyar alkafura, in kuma ana jera ta ba ƙaƙƙautawa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. A nemi izinin shugabannin wasa tukuna, a taƙaita ƙyastawa. Sa'an nan mu tuna, hoto a yau minti ɗaya ya ishe shi ya zaga gari ta waya. 'Yar'uwarmu da ta taka rawa a gaban abokan karatunta ba lalle ne ta yarda a watsa hotonta ga duniya ba. Wanda ɗankwali ya zame, ko zane ya kauce, a goge shi nan take. Sauran kuma a tambayi masu su kafin a buga. Wanda aka ba kamara a irin wannan dare, amanar mutuncin jama'a aka danƙa masa.

Muna roƙon masu shirya wasan bana su bar mana fitilu biyu ko uku a kunne a gefen dandali, su kuma keɓe mana wuri kusa da masu rawa. In an yi haka, da yardar Allah ba za a maimaita ta bara ba.