Yaron da Ya San Mafarki Yake Yi

Shugaban wannan zama, malamanmu na halwa da na madarasa, iyayenmu mata da ke can gefen rumfa:

Na san a cikinku akwai wanda ya ce a ransa, ana fama da gyaran hawasha, wato gona, da neman ruwa a tur'a, wato magudanar ban-ruwa, wa ke da lokacin zancen mafarkin yara? Ban ga laifinsa ba. Ina dai roƙon ya ba ni aron hankalinsa zuwa la'asar.

Abin da zan yi magana a kai shi ne wani irin mafarki da mutum ke tsakiyarsa sai ya farga cewa mafarki yake yi, kuma barcin bai sake shi ba. Yana ci gaba da gani, yana sane. Wani iyakarsa ke nan, ya tsaya yana kallo. Wani kuwa har ya sa hannu: ya juya ya fuskanci abin da ke bin sa, ko ya ce bari in tashi sama, ya tashi. Da aka tattara binciken shekaru hamsin aka auna a 2016, an samu cewa mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin irinsa ko sau ɗaya a rayuwa, 23 cikin 100 kuma suna yi sau ɗaya a wata ko fiye. Ke nan a rumfar nan ma masu shi ba kaɗan ba ne, sun dai yi shiru.

Mu ba mutanen da za a koya wa girmama mafarki ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta da kansa a cikin Wirdinsa cewa yana da shekara arba'in da 'yan watanni, wajen 1794, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Zancen cewa jama'ar Shehu za su yi hijira gabas har bakin Nilu ya daɗe yana yawo a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Nasara. Da Sakkwato ta faɗi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da sauran jama'a har Nilul Azrak, kudu da Sinnar, inda garin ke amsa sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, maniyyata da yawa suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gari. Kakanninmu sun taka wannan doguwar hanya ne da yaƙinin abin da bayin Allah suka gani.

To amma mafarkin wa muke saurare? Na malam, na dattijo, na mai ciki. Yaro ya tashi da safe ya ce ya yi mafarki, amsar da ya fi samu ita ce je ka wanke ido ka ɗauko tulu. Alhali Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana yaro ya kai wa mahaifinsa labarin taurari goma sha ɗaya da rana da wata. Annabi Yaƙubu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna masa waɗanda bai kamata su ji ba.

Bari mu leƙa ɗakin gwaji kaɗan, don kada a ce tatsuniya ce. Aristo ya ambaci wannan hali tun zamanin Yunanawa, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Frederik van Eeden kuma ya yi rubutu a kai a 1913, amma masana kimiyya sun daɗe suna cewa ai mutumin ya ɗan farka ne bai ankara ba. A 1953, a Jami'ar Shikago, aka gano cewa a cikin barci akwai wani mataki da ƙwayar ido ke ta wulƙitawa a ƙarƙashin fatar. A nan ne mafi yawan mafarkai masu labari ke zuwa. A wannan mataki gaɓoɓin jiki a ɗaure suke, ban da ido da numfashi. Wannan ya ba Keith Hearne dabara a Jami'ar Hull ta Ingila a 1975. Ya yi yarjejeniya da wani mutum, Alan Worsley, cewa idan ya farga a mafarki ya juya idonsa hagu da dama sau da yawa a jere. Na'ura na nuna mutumin barci yake yi sosai, sai ga alamar ta fito a takarda. Stephen LaBerge ya tabbatar da haka a Stanford ta Amurka bayan 'yan shekaru. A 2021 ɗakunan gwaji huɗu, a Amurka da Faransa da Jamus da Holan, sun gwada mutum 36, suna yi musu tambaya suna barci. An tambayi wani takwas a cire shida, ya amsa da juya ido sau biyu. Ba kowa ya amsa ba, kuskure ma ya samu, amma musun cewa abin yana faruwa ya ƙare.

Inda zancen ya shafe mu shi ne yara. Wata masaniya Bajamushiya, Ursula Voss, da abokan aikinta sun zauna da 'yan makaranta 694, daga shekara 6 zuwa 19, suka yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna fiye da rabinsu kaɗan sun taɓa yin wannan mafarki, kuma ya fi yawa ga ƙanana, sai ya ja baya sosai wajen shekara 16. Ba wanda ya koya musu. Su masu binciken suna ganin abin na da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa, musamman sashenta na goshi, ba ta gama nuna ba a shekarun nan. Wato abin da babba zai yi watanni yana horar da kansa a kai, yaro yakan tsince shi a hanya.

Sau da yawa kuma tsoro ne ke kai shi. Wata tsohuwa a dangina ta ba ni labarin jikarta 'yar shekara tara, wadda ke kwana a bayanta kan angarib a tsakar gida. Kusan kowane dare yarinyar sai ta farka da kuka: baƙin kare ne ke bin ta a bakin tur'a, ƙafafunta kuma sun yi nauyi. Wata safiya tsohuwar tana gaban murhu tana shafa kisra, sai yarinyar ta tsuguna ta ce, "Kaka, jiya ya sake zuwa, amma na gane shi." Tsohuwar ta ce, "Kin gane wa, kishiyata?" Ta ce, "Na ga ruwan tur'a yana hawa sama, na ce ai ruwa ba ya hawa sama, ashe mafarki ne. Sai na tsaya na ce masa zauna." Ta ce, "Ya zauna?" Ta ce, "Bai zauna ba, amma ya ƙanƙance." Tsohuwar ta yi dariya ta gutsura mata gefen kisrar mai ƙamas-ƙamas, ta ce gobe in ya dawo a ɗaura masa igiya.

Ku duba abin da yarinyar ta yi. Ta ga wani abu da ya saɓa wa al'ada, ta tuhume shi, ta yanke hukunci. Wannan shi ne ainihin abin da wani masani ɗan Jamus, Paul Tholey, ya riƙa koya wa manya: ka saba tambayar kanka da rana ko farke kake, har tambayar ta bi ka cikin barci. Ku kuma duba abin da tsohuwar ta yi, don a ganina nata ya fi wuya. Ba ta firgita ba, ba ta kuma kambama abin ba.

Domin yaro ya faɗi irin wannan magana, hanyoyi biyu muka saba bi da shi, kuma duka ba sa ɓullewa. Wasu su ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi, a hau turare da rubutun sha, har yaron da bai ji tsoron abin ba ya koma yana tsoron kwanciya. Wasu kuma su ce an yi masa buɗi, a fara tambayarsa wa ya sace akuya, wane miji za a ba yayarsa. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro. Yaro yana son a yaba masa. Idan ya lura cewa labarin mafarki na sa manya su ajiye kofin jabana su fuskanto shi, gobe zai kawo wani labarin ko bai gani ba. Kuma a garuruwa irin namu, inda kowa ɗan'uwan kowa ne, mafarki ɗaya na zargi ya isa ya raba zumuncin shekara hamsin.

Malamai suna nan, in na karkace su miƙar da ni. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Malaman fassarar mafarki tun daga Ibn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, a kan na farkon suke aiki. Fahimtata ita ce mafarkin da kai ne ka juya akalarsa ya faɗa cikin na ukun. Wanda ya shuka dawa a hawasharsa ba zai zo kaka ya ce ya tsinci dami ba. Saboda haka ba a fassara shi, ba a gina aure ko tafiya ko zargi a kansa. Da mun yarda da wannan, nauyin ya sauka daga kan yaron. Abin ya zama wata baiwa ta hankali, mai amfani a inda take da amfani.

Amfanin kuwa a yau ba ɓoyayye ba ne. Yaran da ke gabanmu sun ga abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. Rikicin Nilul Azrak na 2022, daga Rusairis da Damazin a watan Yuli zuwa Wad al-Mahi a Oktoba, ya ci ɗaruruwan rayuka ya kori dubbai daga gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Wasu sun koma gida, amma dare bai koma yadda yake ba. Malamin halwa ya fi ni sanin yaron da ke gyangyaɗi a kan allo saboda ya ƙi barci don gudun abin da zai gani.

A Holan, a 2006, an yi gwaji da manya 23 masu fama da munanan mafarkai, aka koya wa wasunsu yadda za su farga a cikin mafarkin, mafarkan nasu suka ragu. Abin lura shi ne har waɗanda ba su taɓa fargar ba sun samu sauƙi. Gwajin ƙarami ne, amma ya dace da wata hanya da likitocin ƙwaƙwalwa suka fi dogara da ita: da rana tsaka, mai mafarkin ya ba da labarinsa, ya sake masa ƙarshe yadda yake so, ya riƙa maimaita sabon a ransa. Igiyar da tsohuwa ta ce a ɗaura wa kare ke nan. Ba ta buƙatar kuɗi ko na'ura. Ana yin ta da hantsi, a inuwa, ba dab da kwanciya ba, kuma yaron ne zai zaɓi sabon ƙarshen, ba babba ba. Da dare ya yi addu'o'in kwanciya da muka gada, in kuma abin ya zo ya bi koyarwar Sunna: neman tsari, tofi ta hagu sau uku, juya kwanciya. Koyarwar cewa kada a yi ta yaɗa mummunan mafarki tana nan daram. A fahimtata ba ta hana yaro kai kukansa ga uwarsa ko ga mai magani ba.

Ga samarinmu masu riƙe da waya, na ga darussan da ke yawo a intanet: sa ƙararrawa ta tashe ka bayan awa biyar, ka zauna kaɗan, ka koma barci da niyya. Dabarar tana da tushe, don matakin mafarki ya fi tsawo a ƙarshen dare. Almajirin da ya tashi kafin asuba ya yi tilawa a bakin wutar tugaba ya koma ya kishingiɗa, ya daɗe da sanin mafarkin wannan lokaci ya fi kaifi. Amma kada a ɗora wannan a kan ƙaramin yaro. Ɗan makaranta na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma yanke masa barci ya fi duk wata riba da za a samu illa. Yana kuma jawo dannau, wanda ba komai ba ne illa ɗaurin gaɓoɓin nan na lokacin mafarki da ya makara bai saki jiki ba bayan hankali ya farka. Yakan wuce da kansa cikin ɗan lokaci, kuma faɗa wa yaro haka tun kafin ya same shi na rage rabin firgicin. Yaron da kuwa yake ganin abin da ya faru da shi yana dawo masa da rana ido biyu, ko ya daina magana, ko ya kasa bambance mafarki da zahiri, wannan a kai shi asibiti, kada a ce za a koya masa sarrafa mafarki.

Roƙona na ƙarshe ga ɗalibanmu da ke Jami'ar Jazira da ta Sinnar ne. Yaran da Voss ta tambaya Jamusawa ne. Namu suna kwana biyar a tabarma ɗaya, suna tashi kafin asuba, suna mafarki da Hausa da Larabci. Mai neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga shi nan. Ya nemi izinin iyaye, ya fara da kakanni mata don su ne yara ke faɗa wa, ya yi tambayar da harshen da yaron ke wasa da shi. Kada ya ce masa ka taɓa sanin kana mafarki, don zai ce e ya faranta masa rai. Ya ce ba ni labarin mafarkin da ka fi tunawa, ya yi shiru ya bar shi ya kai aya.