Rariyar Saƙonni: Raba Tsaba Da Ƙaiƙayi



Abin da za mu tattauna a yau shi ne wahalar raba tsaba da ƙaiƙayi a cikin saƙonnin da ke shigo mana ta imel da wayar hannu. Wannan cuta ta girmi yawancinmu. A shekarar 1978 wani mai talla a Amurka, Gary Thuerk, ya aika tallan kwamfuta ga mutum wajen 400 a lokaci guda, ba tare da sun nema ba. Daga baya masana suka ƙera matata, wadda ke ƙirga kalmomin saƙo, ta auna su da na saƙonnin banza da ta taɓa gani, sannan ta yanke hukunci. Nan gida kuma, a 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lamba 2442 domin toshe tallan da mai waya ba ya so.

To, amma kowace rariya tana kuskure ta fuska biyu. In idonta ya yi faɗi, tsakuwa ta wuce. A 2014 saƙon ƙarya ya zagaye Nijeriya cewa ruwan gishiri na maganin Ebola, har aka rasa rayuka. In kuwa idon ya matse, gari ya maƙale. A ƙarshen Satumbar 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, domin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai a Nuwamba aka maido. Layin mugu ya mutu, amma tare da shi layin manomin Kakangi mai son gargaɗin ɗan'uwansa kada ya bi ta daji. Alhali Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na'ura na ƙirga kalmomi, amma ba ta san wanda ke faɗin gaskiya a Kakangi ba; mutanen gari su suka san shi. Saboda haka mu da aka ɗora wa alhakin ilmi, mu ne rariyar ƙarshe. Kafin mu tura saƙo gaba, mu tambaya: wa ya faɗa? Yaushe? Da idonsa ya gani? In amsa ta gagara, mu kira mutumin wurin mu ji. In ta tabbata gargaɗi ne, kada mu jinkirta shi ko da minti ɗaya.

Allah ya ba mu ikon tantancewa. Wassalam.