Picasso da 'yar sarkin Sifen

A shekarar 1656, Diego Velázquez, mai zanen fadar Sarki Philip na Huɗu na Sifen, ya zana hoton da ake kira Las Meninas. A cikinsa ga 'yar sarki, Margarita, mai shekara biyar, kuyangi sun kewaye ta, kare na kwance a gefe, shi kansa mai zanen yana tsaye riƙe da burushi. Hoton yana gidan tarihi na Prado a Madrid har yau.

A watan Agustan 1957, Pablo Picasso, yana da shekara 75, ya keɓe kansa a gidansa na Cannes a Faransa. Kafin ƙarshen Disamba ya gama zane 58, akasarinsu a kan wannan hoto ɗaya. A na farko ya bar launi, sai baƙi da fari da toka-toka, ya miƙe Velázquez ya zama ƙato har kansa na neman taɓa rufi. Karen fada kuwa ya maye gurbinsa da ɗan guntun karen gidansa. Da ya gaji da fada, sai ya juya ga tagarsa ya zana tattabaru, abin dariya, su ma ya sa su cikin jerin.

Wasu za su ce kwaikwayo ne. Ni dai ban yarda ba. Mai kwaikwayo ɓoye tushensa yake yi, Picasso kuwa a fili ya yi gardama da magabacinsa. A 1968 ya ba gidan tarihinsa na Barcelona dukkan zanukan kyauta, kuma suna can tare.